Faifan Da Ya Maƙale A Motata

Edita, ina yi muku sallama, tare da roƙon a buga wannan labari ba tare da sunana ba, don waɗanda abin ya shafa suna karanta mujallar nan. A lokacin da abin ya faru ni magidanci ne, ina aikin gwajin jini a wani asibiti a Landan, muna zaune da iyalina a wani flat na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, a unguwar Deptford. Ba ni da yawan magana, amma akwai ni da bin ƙwaƙƙwafi. Idan agogo ya tsaya sai na kwance shi na ga cikinsa, ko da ba zan iya mayarwa ba. Matata takan ce da tambaya abinci ce da tuni na fi ƙarfin ƙofar gidanmu.

Mu huɗu ne muka taso tare tun makarantar kwana a gida, Allah ya sake haɗa mu a nan. Duk Asabar bayan la'asar muna majalisa a gidan ɗayanmu a Whitechapel, kowa ya zo da kwanon gidansa a yi ciyayya kamar yadda iyayenmu suke yi a zaure. Mai gidan shi ne aminina, kuma Allah ya yi masa baki. Idan na fara ba da labari shi zai karɓe, ya ƙara masa gishiri, a yi dariya a yaba masa. Idan aka yi mini tambaya shi zai amsa. Har mutane suka daina kirana da sunana, sai dai abokin wane. Na daɗe ina shanye wannan, har ranar sunan autarmu. Na shirya kalmomin godiya a raina, ina gyara murya ke nan sai ya miƙe ya yi godiyar a madadina. Na san a al'adarmu uba kunya yake yi a irin wannan rana, aboki ne yake masa baki. Amma zuciya ba ta san al'ada ba. Ban ce masa komai ba. Na fita daga zauren sada zumuntar da muke da shi a waya, na daina zuwa majalisa, idan ya kira sai na ce an canza mini lokacin aiki.

A wannan tsakanin na sayi wata tsohuwar mota ta hannu. Rediyonta ba ya kama tasha ko ɗaya, ga kuma faifan sidi na mai motar na da, wani Bature, ya maƙale a ciki. Na danna, na sa tsinke, na sa wuƙa, ya ƙi fitowa. Ni kuwa da kalangu da kukuma aka raine ni, kiɗan rok a wurina ihu ne da karon ƙarfe. Wata safiya cunkoso ya riƙe ni, gajiya da shiru ta sa na kunna shi, don kawai na ji abin da Baturen nan ya bar mini.

Abin da na ji ya ɗaure mini kai. Babu ihu. Wani mutum ne da murya mai ɗan tsagewa, yana waƙa kamar wanda yake magana da kansa a kicin. Ana jin yatsunsa suna zamewa a kan tsirkiyar gita, ana jin inda ya ja numfashi, har ƙarar kujerar da yake kai ba a goge ba. Gangar tana can nesa, kamar dakan maƙwabta da ake jiyowa ta katanga. Waƙoƙin farko fushi ne a cikinsu, na tsakiya gajiya, na ƙarshe kuwa kamar mutum ya zauna ya yarda da abin da ya same shi. Ba wasu manyan abubuwa yake faɗa ba: gidan da babu kowa, kofin shayi ɗaya, waya da ba ta ringi. Na yi ta tambayar kaina, wane ne wannan, kuma me aka yi masa?

Babbar 'yata ce ta warware mini. Na tambaye ta da Hausa ta amsa da Turanci kamar kullum, ta ɗora wayarta kusa da sifika, nan take sunan ya fito. Ashe shahararren mawaƙi ne, wanda ya yi zamani da wata ƙungiya da ta cika filayen wasa. Ya bar su ne bayan ya saɓa da abokinsa na ƙuruciya da suka kafa ƙungiyar tare, kuma wannan shi ne faifan da ya yi shi kaɗai. Na shiga karanta abin da masu sharhi suka rubuta a kansa. Kusan duk sun yi watsi da shi. Ra'ayinsu dai shi ne faifan lami ne, kuma mutumin ba komai ba ne idan babu abokansa. Wallahi sai na ji kamar da ni suke. Daga ranar na zama lauyan faifan nan ba tare da kowa ya ɗauke ni ba. A wurin shan shayi na ishi abokan aiki da zancensa, har wata dattijuwar Baturiya da ta yi ƙuruciya da waƙoƙin ƙungiyar ta ce ita ba ta taɓa iya jin sa har ƙarshe ba, ta yi mamakin yadda ɗan Najeriya ya fi ta kishinsa. Na yi wa kaina alkawarin ba zan taɓa sauraren waƙoƙin tsohuwar ƙungiyar ba. A ganina faifan ya zama shaida cewa mutum yana iya tsayawa shi kaɗai, kuma muryarsa ta fi daɗi idan babu mai danne ta.

Akwai wata waƙa kusa da ƙarshe da na fi so. A tsakiyarta muryarsa tana hawa sama har ka ce yanzu za ta karye, amma ba ta karyewa. Halina na kwance agogo ya motsa, na ce sai na gano dalili. Na riƙa mayar da wurin baya, na karkatar da sautin zuwa sifikar hagu, sannan ta dama. A nan na ji ta: wata murya ce ta biyu, mai kauri, can ƙasa, tana shigowa daidai inda tasa za ta gaza, ta tallafe ta, ta janye. Na duba sunayen waɗanda suka yi aikin faifan, babu mai wannan murya. Abin ya hana ni sakat, har na karya alkawarina na kunna tsohuwar ƙungiyar. Ban gama waƙar farko ba na gane ta. Muryar abokin nan ne da suka saɓa. Ba ni da hujjar da zan kai kotu, amma kunnena ba ya yi mini ƙarya. Wurin da na fi ƙauna a faifan mai zaman kansa, ashe mutum biyu ne a ciki.

Wata Asabar muna cin tuwo na kwashe labarin na ba matata, ina ta murna da bincikena. A ƙarshe na ce mata miyar yau ta bambanta da wadda ta saba yi mini ranar Asabar. Sai ta ajiye cokali. Ta ce ai ta yau ce kaɗai tata. Tun da na daina zuwa majalisa, duk Asabar aminina yakan hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya zo har ƙasan benenmu lokacin da ba na gida, ya karɓi kwanon gidanmu ya kai majalisa, ya bar mata na gidansu, ya kuma roƙe ta kada ta gaya mini. Duk wanda ya tambayi inda nake a majalisa, aminina yakan ce aiki ne ya riƙe ni, ga ma kwanona ya iso, don kada a ce na yanke zumunci. Ta ce yau bai zo ba, kuma da ta kira matarsa ɗazu ta ji cewa ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a babban asibitin Camberwell. An sanar a zauren da na fita. Tana ta neman ta inda za ta fara gaya mini ne.

Na je asibitin na same shi a jingine, bakinsa ya karkace. Ya gan ni, ya buɗe baki, kalma ta ƙi fitowa. Wata nas ta shigo ta tambaye ni ko ni wane ne a wurinsa. Na dubi aminina ina jira, don na saba shi yake amsa mini irin wannan tambaya. Sai da ta maimaita sannan na ce ɗan'uwansa ne. Na zauna na ba shi labarin mota da faifai, tun daga farko har ƙarshe, babu wanda ya katse ni. Abin da na yi shekaru ina fata ke nan, kuma ban taɓa jin labari marar daɗi a bakina kamarsa ba. Na yi kuka a gabansa, ya damƙe hannuna da hannunsa mai lafiya.

Yanzu an sallame shi, yana koyon magana kaɗan kaɗan, majalisa ta dawo. Likitoci sun gargaɗe mu kada mu riƙa ƙarasa masa magana, mu bar shi ya lalubo kalmar da kansa. Sai ga ni, idan ya maƙale a tsakiyar zance, kalmar tana kan harshena, ina cije leɓe don kada ta fito. A nan na gane cewa mai ƙarasa maka magana ba lallai raini ne ya sa shi ba. Wani lokaci ya san ka ne har ba ya iya ganin kana wahalar nema.

Har gobe ina cewa faifan nan ya fi yadda aka ɗauke shi, kuma har yanzu yana maƙale a motar. Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwa, musamman mu da muke baƙunta a ƙasar da kowa yake rufe ƙofarsa. Idan abokinka ya ɓata maka, buɗe baki ka gaya masa tun yana iya ba ka amsa. Kafin ka yi alfahari da cewa kai kaɗai kake tsaye, ka saurara da kyau ka ji wanda yake tallafe da kai daga ƙasa. Ni na kwance faifan Bature na gano muryar da aka ɓoye a ciki, amma na yi watanni ina cin tuwon gidan aminina ban tambayi wanda ya tuƙa ba.