Ranar da Aka Yi wa Yurani Faɗa

A garin nan namu na gindin dutse babu wanda zai ce ya taɓa ganin Malama Nubia a zaune. Ko a coci tsayawa take a baya kusa da ƙofa, kamar mai jiran mota. Ita ke riƙe da ajin ƙarshe a makarantar masu naƙasa, ajin da daga shi sai gida. Kuma ta san abin da gidan yake nufi, don in tana ratsa unguwanni takan hango tsofaffin ɗalibanta ta taga, sun yi ƙiba a gaban talabijin. Yaran da ta koya wa hawa bas su kaɗai, yanzu ko ruwa sai an miƙo musu. Abin yana cin ranta ba kaɗan ba.

Shi ya sa da shekara ta raba take sa ƙafa ta bi shaguna, tana nema wa kowane ɗalibi inda zai koyi aiki. Samun wurin ba wuya, mutanenmu ba su iya cewa a'a ba. Tausayinsu ne bala'in, tausayin da ke naɗe wa mutum hannu da ƙafa.

Bana Yurani ce ta fi tsaya mata a rai. Budurwa ce da kanta ke ɗaukar abu a hankali, amma in ta riƙe ba ta saki. Malama ta kai ta gidan burodin wani dattijo da ake kira Don Evelio, bayan kwana biyu ta leƙa. Ta tarar da ita a kan kujera, an aje mata koko mai zafi da burodin cuku, shi kuwa Wilmer, ma'aikacin gidan, yana can yana zuba gumi a bakin tanda.

"Don Evelio, ma'aikaciya na kawo maka ko jika?"

"Haba Malama, dube ta fa, baiwar Allah. Wa zai iya tura wannan gaban wuta?"

"In makaranta ta sallame ta a Disamba, za ka riƙe ta?"

Ya sosa ƙeya. "To, kin dai san yadda kasuwa take."

"Na sani, ba a riƙe wanda ba a mora. Ka ba ta ƙulli ta kwaɓa. In ta ɓata, ka yi mata faɗa yadda kake yi wa Wilmer."

"Ai Wilmer jaki ne."

"Ina ji fa, maigida," in ji Wilmer daga ciki.

Haka ta dinga zarya, yau ta zo da safe, gobe da yamma, har Don Evelio ya fara ɓuya bayan buhunan fulawa in ya hango lemarta. Da ƙyar ya ba Yurani tire ta shafa mai, daga baya ƙulli, daga baya tanda. Faɗa ne dai ya ƙi fita daga bakinsa. In ta zubar da abu sai ya ce ba komai 'yata, ya sa Wilmer ya kwashe. Gari kuma ya ɗauka cewa Malama Nubia ba ta da imani. Doña Ofir, uwar Yurani, ta tare ta a kasuwa gaban masu ayaba ta ce, "Ke da ba ki haifa ba, ina za ki san zafi?" Maganar ta soke ta sosai, amma abin da ta ce kawai shi ne, "Ran da babu ni babu ke, wa zai lallaɓa ta?"

Wata Asabar, ana gab da hutun ƙarshen shekara, Malama na hawo gangaren da ke kaiwa gidan burodin sai ƙauri ya tare ta, sannan muryar Don Evelio har titi.

"Tire guda kin ƙone min, Yurani. Ina hankalinki ya tafi? Wasa kika zo yi a nan?"

Wata da watanni tana roƙon wannan faɗan, ga shi ya zo, ita kuwa ba ta san sanda ƙafarta ta kai ta bakin ƙofa ba, bakinta cike da zagin da za ta sauke wa tsohon. Ta ji shessheƙar yarinyar. Ta damƙe ƙyaure, ta hana kanta shiga.

"Wilmer ne ya aike ni ɗauko ƙwai," in ji Yurani cikin kuka.

"Ni? Maigida, wallahi yarinyar nan ta iya sharri."

"Ku rufe min baki duk ku biyun. Ke, kankare tiren nan tas. Gobe kuma ki zo da sassafe ki sake kwaɓa wani, kada ki kuskura ki makara."

"Gobe Lahadi, makaranta ba ta turo mu," in ji Yurani.

"Ina ruwana da makarantarku? Mutane ba sa cin burodi ran Lahadi ne?"

Malama Nubia ta saki ƙyauren. Ta juya ta kama gangaren da sauri tun kafin wani ya fito ya gan ta, hawaye na zuba, tana jiyo ƙarar kankarar tire a bayanta.