Hancin Sarkin Gyambo

Shekara goma sha tara ya yi yana wankin gyambo a ɗakin ƙarshe na ƙaramin asibitin, kusa da famfo, inda ko ma'aikata ba sa son tsayawa. Gajere ne, ga saurin hawa, amma hannunsa da sanyi. 'Yan unguwa suna ce masa Sarkin Gyambo, shi kuma bai taɓa hanawa ba. Kayan aikinsa ba su wuce almakashi da auduga da ruwan gishiri da bandeji ba, sai kuma hancinsa. Da ya warware ƙafa yakan ɗan sunkuya ya shaƙa, nan take ya san ko ciwo ya kama hanyar warkewa ko ya juya.

Ana nan sai aka kawo waya. Kowace Laraba wata likita daga babban asibiti takan fito a fuskar wayar ta duba gyambunan da suka ƙi ji, aikinsa shi ne ya riƙe mata. "Ɗan matso da ita, malam. A'a, ka tare haske. Sa ma'auni a gefe." Shi da furfurarsa, ya koma sandar jingina waya!

Wanda ya fi ci masa rai wani tsohon kafinta ne mai ciwon suga, da gyambon tafin ƙafarsa ya shekara uku a hannunsa. Likitar ta canza magani da salon ɗauri, ta sa aka yi masa takalmi mai rami a ƙasa, kuma maganar gaskiya ciwon ya fara tsukewa. Shi ke nan tsoho ya samu waƙa. Ranar Laraba har sabuwar hula yake sakawa.

"Baba, wai wa ya wanke maka ƙafar nan shekara uku?"

"Kai ne mana, Sarki. Amma ita ɗin ta san aiki."

Sarki ya haɗiye, amma abin bai wuce ba. Da ya kai ƙara gida, matarsa dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Yanzu da girmanka da waya kake kishi?"

"Ni? Matar da ko auduga ba ta taɓa ɗagawa a ɗakin nan ba?"

Kishin kuwa yake yi, mai zafi ma.

Wata Laraba ya warware ƙafar tsohon, ya shaƙa, ya sake shaƙawa. Warin ya canza, daga can ciki yake fitowa. Sama kuwa jajir, gwanin kyau. Ya wanke tas, ya jefa tsohon bandejin a bokiti, ya ɗaga waya.

"Madalla, yana kyau," in ji likitar. "Malam, akwai abin da ka lura da shi?"

Kullum takan yi wannan tambaya, kullum yana ɗaukarta a cika baki.

"Ke ce likita," ya ce. "Ai kina gani."

A ransa cewa ya yi bari mu ga sanin aikin. Ranar Asabar da tsohon ya dawo canjin bandeji warin ya ƙaru. Lambarta tana jikin bango, ya ɗauki waya, ya tuna sabuwar hula, ya ajiye. Sai da Laraba ta zagayo, ya ga tsohon yana rawar sanyi a kan benci, sannan tsoro ya rinjayi kishi. Ko gaisuwa bai bari ta ƙarasa ba ya faɗa mata warin da yake ji. Ta ce a taho da shi yanzu-yanzu.

Ciwon ya riga ya kai ƙashi. Aka tsirar da ƙafar, amma aka cire yatsu biyu.

Da aka sallamo tsohon, 'yarsa ce ta rako shi wanki. Likitar ta duba ɗinkin ta cikin waya, sannan ta ce, "Baba, wannan bawan Allah za ka gode wa, ba ni ba. Ni daga nan ba na jin wari. Shi ya gano da wuri, yana ganowa kuma ya faɗa. Da ya yi shiru kwana uku, da ƙafar ce gaba ɗaya."

Maganar da ya yi wata takwas yana jira ke nan, ga ta a gaban shaidu. Tsohon ya kamo hannunsa da hannu biyu, ido ya cika da ƙwalla.

"Na raina ka, Sarki, ka yafe min. Yadda ka rufa min asiri, Allah ya saka maka da daidai abin da ka yi min."

"Amin, amin," in ji 'yar.

Sarki yana durƙushe, idonsa a kan gurbin yatsun nan biyu. Ya buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fitowa.