Faya-fayan Kulu a Shekarar Yunwa

Da daminar bana, in har za a kira abin da muka gani damina, shekara ashirin da tara ke nan da rasuwar matata Hauwa'u, wadda mutanen Illela suka fi sani da Kulu. Na haura tamanin yanzu. Abokan fataucina duk sun riga ni, idanuna sun yi rauni, bokon ma da nake rubutu da shi sai da na yi furfura na koye shi. Ban taɓa zaton zan sa sunanta a jarida ba, kuma na san da tana nan da ta hana. Abin da ya sa na buɗe baki shi ne mutanen da nake gani 'yan watannin nan a bakin gari, sun tsallako daga Nijar da tabarmi da tukwane, fari ya cinye musu dabbobi. Duk wanda na kalla a cikinsu sai in ga kamar na taɓa ganinsa, shekara sittin da suka wuce.

A wancan lokacin Turawan Ingila ba su daɗe da kama ƙasar Sakkwato ba. An kafa duwatsun iyaka tsakaninmu da Kwanni, aka ce can na Faransa ne, nan na Ingila, mu kuwa muna ta shige da fice da jakunanmu kamar yadda iyayenmu suka saba. Illela 'yar ƙarama ce, Kalmalo ta fi ta suna. Ni saurayi ne mai jakai biyu, ina ɗaukar kanwa da gishiri zuwa Sakkwato. Shekararmu biyu da aure da Kulu, tana goyon ɗanmu na fari, Umaru.

Sai ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba. Tafkin Kalmalo ya ja baya har mutane suka riƙa tsintar kifi a cikin laka, daga nan lakar ma ta bushe ta tsattsage. Kafin rani ya yi nisa Adarawa suka fara zuwa daga arewa, suna gudun yunwa, suna kuma gudun haraji da aikin dole na Faransa. Suka zube a ƙarƙashin itatuwan gawo da ke gabashin gari. Na ga mata suna haƙa gidan tururuwa don su sami ƙwayar hatsi. Na ga dattijo yana tauna ƙwallon goriba da ba shi da sauran komai a jikinsa.

Ba zan yi wa kaina ado ba. Rumbunmu bai kai rabi ba, na lulluɓe bakinsa da laka, na ce wa Kulu ko zangarniya ɗaya kada ta fita ƙofar gida. Ba ta yi gardama ba, don ta san gaskiyata ce. Amma na lura tuwonta ya fara raguwa a akushi, kuma na san inda ragowar ke zuwa.

Wata rana da hantsi wata mata ta yi sallama. Doguwa ce, yunwa ta zuƙe ta, tana goye da 'yar jaririya. Sunanta Tsahara. Ba roƙo ta zo yi ba, faifai ta kawo na sayarwa, wanda ta ɗinka da kabar da ta yanko a hanya. Ina zaure ina jin su. Kulu ta daɗe tana juya faifan nan, don ita ma gwana ce, a wurin kakarta ta koya. Ɗinkin ya matse har ruwa ba zai bi ta cikinsa ba. Ta ba matar kunu, ta zaunar da ita a inuwa, sannan ta leƙo zaure da faifan a hannu.

Ta ce, "Maigida, in ka tashi zuwa Sakkwato, ka ɗaukar muna irin wanga."

Na yi dariya. Na ce, "Kulu, wa zai sayi faifai yana jin yunwa?"

Ta ce, "Wanda ba shi jin ta. Kai kac ce min gidajen alƙalai da ma'aikatan En'e ba su bar aurar da ɗiyansu ba. Amarya kuwa ba ta shiga ɗaki babu faifai."

Ni ne mai yawon duniya, ita ba ta taɓa wuce Gwadabawa ba, amma ita ta ga hanyar.

Kafin mako ya zagayo tsakar gidanmu ta cika da mata. Masu sauran ƙarfi suna zuwa yankan kaba, tsofaffi suna tsaga ta, wasu suna rina ta da karan dafi da baba, gwanaye suna ɗinki da basilla. Ana yin faya-fayai da marafan ƙwarya da 'yan lefuna. Wata Buzuwa ta kawo ragowar fatar akuyarta ta ƙarshe ta ɗinka 'yan zabirori na kwalli. Kulu ta ɗauko zanen aurenta, saƙi mai ratsin jan alharini, ta zauna tana zare jan zaren ɗaya bayan ɗaya, ana yi wa bakin faya-fayan ado da shi. Na ce mata zanen nan fa ba ta da na biyunsa. Ta ce mutanen birni ido suke saye. Basilla kan kuɓuce wa mai yunwa ta soki yatsa, sai ka ga mace ta tsotse jinin ta ci gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ranar nan na ga hannuwan da ba su iya ɗaga tulu sun haɗa kayan jakai biyu.

Na haɗa da 'yar ragowar kanwata, kwana uku na yi a hanya. A Sakkwato na kai kayan gidan wani alƙali da nake kai wa gishiri. Uwargidansa ta aiko a tambaye ni su wa suka yi wannan aiki. Da aka gaya mata sai ta aika wa maƙwabta, kafin la'asar babu abin da ya rage, kuma ba wadda ta taya. Na sayi dawa a hannun fataken da ke kawo ta daga kudu, da tsadarta, na ɗaure buhuna.

A nan ne na yi abin da har yau yake cina. Maimakon in juya da asuba, sai na ji labarin wani ayari na tafe da zai sayi kanwata da daraja. Na ce kwana ɗaya ba komai ba ne. Kwana ɗaya ya zama biyu. Da na iso Illela na tarar an binne 'yar Tsahara jiya-jiya. Nonon uwar ya ƙafe, kunun da ake tsinkawa da ruwa bai riƙe ta ba. Tsahara tana zaune a gindin bango da basilla a hannu, ba ta ɗinki, ba ta kuka.

Kulu ta taimaka mini muka sauke buhunan. Ba ta tambaye ni abin da ya tsare ni ba, amma ta ga babu kanwar, ta kuma ga sabon rawani a cikin kayana. Abin da ta ce kawai shi ne, "Jibi wasu kayan na haɗuwa. Wanga karon kada ka tsaya." Shekara talatin da ɗaya muka ƙara yi tare, mun yi faɗa irin na miji da mata ba sau ɗaya ba, amma ko sau ɗaya ba ta ɗauko maganar kwana biyun nan ta jefe ni da ita ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni kuma ban taɓa samun ƙarfin zuciyar ce mata ta yi gaskiya a zatonta ba. Allah kaɗai ya san ko da na dawo da wuri yarinyar za ta rayu. Da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take. Rawanin nan ban taɓa naɗa shi ba.

Na yi tafiyar nan sau bakwai kafin ruwa ya sauko, ban ƙara kwana a birni ba. A karo na uku da kaina na fasa bakin rumbunmu. Ana dama kunu a manyan tukwane biyu safe da yamma. Kulu ta kafa doka ɗaya: kada wanda ya kira abin nan sadaka. Ta ce hatsin na masu ɗinki ne, guminsu ne, su ne ke ciyar da tsofaffinsu da yaransu, mu aron tsakar gida da jakai kawai muka bayar. Na ga yadda maganar nan ta miƙar da wuyan mutane. Wanda ya saba ci daga gonarsa, miƙa hannu kan kashe shi kafin yunwa ta kashe shi.

Ba kowa muka ceto ba. Mutanen gawo sun fi ƙarfin tukwane biyu, an yi ta binnewa har watan shuka. Ita Kulu kanta ta rame har munduwarta tana zamewa zuwa gwiwar hannu, nononta ya ƙafe, Umaru ya koma kuka ba murya. Tsahara ce, wadda kunun dawa ya fara dawo mata da jiki, ta zo ta tsuguna ta ce, "Ba ni shi. Nawa ya dawo, mai shan shi ta tafi." Ta shayar da ɗana wata biyar. Matar da na yi wa jinkiri ita ta raya mini magaji. Har ta rasu Umaru Inna yake kiranta, kuma shi ya shiga kabarinta ya kwantar da ita.

Yanzu ina zaune ƙofar gida ina ganin manyan motoci suna kawo buhunan agaji, abin da jakaina za su yi shekara ba su kawo ba. Na gode wa Allah, na gode wa masu aikowa, kuma na san Kulu za ta fi ni godiya, don ta san nauyin kwana ɗaya ga mai jin yunwa. Za ta yi mamakin Illela, yadda ta cika ta batse, ana ciniki da naira da sefa, teloli suna taka keke a bakin titi. Za ta riƙe marfin roba ta juya shi ta taɓe baki. Amma na san inda za ta tsaya. Za ta kalli dogon layin nan na mata a rana, kowace da ƙwarya, ana auna musu ana cewa su matsa, ta juyo ta tambaye ni, "An ko tambaye su mi sunka iya?" A cikin layin nan akwai masu ɗinkin fata da masu saƙar tabarma waɗanda duk garin nan ba mai kama ƙafarsu. Ban ga wanda ya tambaya ba. Ni ma ban tambaya ba sai shekaranjiya, da na tura matan gidan Umaru wurinsu da kaba da basilla. Ban san abin da zai fito ba, zamani ya sake, mai sayen faifai ya yi ƙaranci.

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke Kulu, kwana tara kawai ta yi a kwance. Ba ta bar dukiya ba. Ko faifai ɗaya na shekarar nan babu a gidana, duk an sayar, don sayarwa aka yi su. Kabarinta ya baje tuntuni, in ban da ni ba mai iya nuna wurin.

Watan jiya an kai ni suna a Lafani, gidan wani jikan Tsahara, don can ta yi aure bayan yunwar. Unguwa ce guda yanzu, zuriyar mutanen gawo, manoma da mahauta da masu kai albasa Kwanni. Suka yi ta zuwa suna durƙusawa suna gaishe ni. Na tambayi wasu matasa ko sun san Kulu. Suka dubi juna, ɗaya ya ce ko Kulu mai ƙosai nake nufi. Da farko abin ya sosa mini rai. Da na ƙara duban yawansu, da yaran da ke guje-guje tsakanin tabarmi, sai zuciyata ta kwanta. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma ba dole sai da sunan mai shi a jiki ba. Ita ma haka ta so.

Sai dai ni ba alherinta nake kewa ba, wannan ya tsaya da ƙafarsa. Ita nake kewa. Yadda take cije leɓe in tana zura kaba, yadda take kiran kaji, yadda take yin shiru in na yi kuskure har in gane da kaina. A duk faɗin duniyar nan ni kaɗai na rage da na san Kulu tana yarinya mai dariya, kuma na kusa tafiya da wannan sanin. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, ita da Tsahara da 'yar jaririyar da ban ko san sunanta ba. Allah ya jiƙansu, ya sa in na iske su su karɓi gaisuwata.