Ragowar Kilomitocin Tirela

Kaska mai yankan gilashi ne, kuma ba uwarsa ce ta raɗa masa wannan suna ba. 'Yan ƙungiyar keke ne suka liƙa masa, ya kuwa liƙu, har matarsa da shi take kiransa idan ya ɓata mata rai. Shekarunsa hamsin da biyu, gajere ne siriri, yatsunsa duk tabon yanka. Shagonsa ƙofa ɗaya ne a layin masu kayan gini: dogon tebur lulluɓe da tsohon bargo, tef ɗin awo rataye a ƙusa, da madubai jingine da bango suna kallon juna. Mutum ne da bai yarda da "kusan" ba. Ka ce masa tagarka ta kai wajen mita ɗaya, sai ya ce ka koma gida ka auno, shi ba ya yanka wajen.

Likita ne ya ɗora shi a kan keke, ranar da ya duba sukarinsa ya cire tabarau ya sake dubawa. A haka ya faɗa hannun wasu mutum goma sha huɗu, yawancinsu masu furfura da tumbi, waɗanda suka ɗora wa kansu wahalar da ba wanda ya aike su: kowane wata kowa ya yi kilomita ɗari biyar. Ba kofi, ba kyauta. Kowa dai yana da 'yar na'ura kamar akwatin ashana a kan hannun kekensa, tana ƙirga nisa da gudu, in an danna mata maɓallin gamawa ta aika sakamako cikin jadawalin ƙungiya a waya. Mai kula da jadawalin wani tsohon malamin makaranta ne da suke kira Malam Lissafi, wanda ko mita goma ba ya yafe wa kowa.

Wanda bai taɓa doguwar tafiya a keke ba yana zaton tudu ne abin tsoro. Iska ce. Na gaba shi yake shanta a ƙirji, na bayansa ya laɓe yana tafiya kamar ana jansa da igiya. Shi ya sa ake karɓa-karɓa: ka yi gaba, ka gaji, ka kauce, wani ya karɓa. Kowa yana yi ban da Kaska. Tun makon farko ya gano wani mai gidan burodi, ƙato mai faɗin baya da ake kira Tirela, ya manne wa tayarsa ta baya, bai sake saki ba har shekara huɗu.

"Ƙanena, yaushe za ka zo gaba ka ga yadda duniya take?" Tirela yakan ce ba tare da ya waiwayo ba.

"Yaya, ai daga nan ma ina ganinta. Baƙar riga ce, tana da aljihu uku a baya, tana warin yis ɗin burodi."

Kullum da sassafe a gindin tankin ruwan unguwa suke haɗuwa. Tirela bai taɓa faɗuwa wata ko ɗaya ba. Wata hamsin da tara a jere ya cika ɗari biyar ɗinsa, da zazzaɓi, da ruwan sama, da watan da ya aurar da 'yarsa. A cikin na sittin, ranar ashirin ga wata, ya yanke jiki ya faɗi a gaban tanda.

Kaska ya same shi a asibiti, an jona masa robobi, gado ya yi masa kaɗan. Tirela ya sa matarsa ta buɗe jaka, ta ciro na'urar ta miƙa.

"Ɗari da tamanin da shida suka rage," in ji shi. "Kada ka bar ni a hamsin da tara. Lambar ko kyan gani ba ta da shi."

"Haba yaya, kai za ka tashi ka ƙarasa abinka."

"Kai dai riƙe. Kuma ka sha iskarka da kanka, ka ji abin da nake ji."

Bayan kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Watan mai kwana talatin ne. Da aka gama kwanakin karɓar gaisuwa, Kaska ya zauna ya auna abin kamar gilashi: kwana biyar, kilomita ɗari da tamanin da shida, da ƙafafun da ba su taɓa tafiya ba sai da wani a gabansu.

Safiyar farko ya cire tasa na'urar ya ɗaura ta Tirela. Daga gida zuwa tankin ruwa ya sha wuya, iska tana tura shi baya kamar ɗan dako ya haɗu da mai gadi. A gindin tankin ya rage gudu don sabo, bai ko kalli wurin ba. Yana wucewa iskar ta ɗauke.

Ba tsayawa ta yi ba. Yana ganin ganyayen bakin titi suna kwanciya, leda tana tashi tana wuce shi ta dama da hagu. Shi kaɗai ne ba ta taɓawa. Rigarsa ta daina kaɗawa. A gabansa ba kowa sai kwalta, amma ƙafafunsa sun san wannan sauƙin, kuma suka karɓe shi ba tare da sun yi shawara da shi ba. Ya yi kilomita arba'in da biyu, ya dawo ko gumin kirki bai yi ba, ya danna maɓalli.

Yana buɗe shago waya ta yi ƙara.

"Kaska, ka duba jadawali?" Malam Lissafi ne. "Mutum uku sun fice daga ƙungiya don tsoro. Marigayi ya yi arba'in da biyu da safen nan."

Kaska ya yi bayani, yana ta ba da haƙuri. Malam ya ja numfashi, har ya ɗan yi dariya.

"Ja'iri, ka kusa kashe mana dattawa. To, dokarmu ta ce abin da na'ura ta kawo shi ake rubutawa, ba ta ce ƙafar wa ba. Amma ƙafa ɗaya ba ta cin lissafi biyu. Naka watan ya tafi."

"Na sani, Malam."

"Shi ke nan. Ashe har ɗamarar ƙirjin ya ba ka."

"Wace ɗamara?"

"Wadda yake ɗaurawa tana auna bugun zuciya mana."

"Na'ura kawai aka ba ni."

Malam ya sake duba jadawalin.

"To zuciyar wa nake gani a nan? Ɗari da ashirin da takwas, daga kilomita na uku har ƙarshe. Ba ta hau ba, ba ta sauka ba."

Kaska ya ɗora na'urar a kan bargon tebur ya kunna. A gurbin bugun zuciya ba lamba, sai 'yan layuka biyu. Ya kai ta ƙirjinsa, ya jijjiga ta, ya fita da ita bakin titi ko za ta kamo ɗamarar wani mai wucewa. Layuka biyu. Ranar ya yanka gilashin wata mata da gibin santimita guda, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyo.

Kashegari ya zuba mata ido. Daga gida, layuka biyu. Yana wuce tankin ruwa lamba ta fito, iska ta ɗauke. Ya so ya juya, sai ya tuna saura ɗari da arba'in da huɗu. Ya sunkuya ya bi.

A rana ta uku ne abin ya ƙara kusantowa. Yana tsakiyar gudu a kan hanyar bayan masana'antu, sai ya ji iska ta soma dukan kafaɗarsa ta dama, wurin laɓewar ya matsa hagu. Ya bi shi hagu kamar yadda ya saba bin taya. Sai da ya gifta ya ga ramin: an sace murfin kwalbati, baki buɗe, daidai inda tayarsa za ta bi. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Na gode, yaya."



Matar Kaska ta lura abinci yana dawowa yadda ta zuba shi. Ta tsare shi a ƙofar ɗaki, hannu a ƙugu, sai da ya faɗa mata komai.

"Maigida, ka mayar wa matar marigayi da abin nan yau. Ni mai gilashi na aura, ban auri direban mamaci ba."

"Ba ni nake jan sa ba. Shi yake ja na."

"Ka ji ka! Wannan ne ya kamata ya kwantar min da hankali? In ya ja ka ya wuce da kai fa?"

Kaska shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan. Ya ce saura kaɗan. Ta ce kowane mai taurin kai haka yake cewa.

Rana ta huɗu ruwa ya wuni yana zuba, kilomita ashirin kawai ya samu. Ranar talatin ga wata kuma wani mai otal ya tsare shi da aikin ƙofofi tun safe, bai samu kansa ba sai bayan ƙarfe uku. Saura arba'in da ɗaya. Hadari ya haɗu a gabas, iska tana kwasar kwalaye tana jifa da su.

Ya fita. A tanki lamba ta fito, amma ba ɗari da ashirin da takwas ba, ɗari da arba'in. Ya yi nisa ya juyo, iskar ta dawo ta gaba sosai, irin wadda take tsayar da mai babur. Shi yana cikin lafiyarsa a laɓe. Lambar ce take hawa. Ɗari da hamsin da biyar. Ɗari da sittin da takwas. Gudun ya soma raguwa, wurin laɓewar yana tangaɗi, yana buɗewa yana rufewa. Ɗari da saba'in da tara. Saura kilomita tara.

Kaska ya kalli lambar, ya tuna zuciyar wa ce, da abin da ta yi a gaban tanda. In ta sake tsayawa a nan, a tsakiyar hanya, bai san me zai rage a cikin na'urar ba, bai kuma son ya sani.

"Kauce, yaya," ya ce. Muryarsa ta fito siririya. "Na ce kauce!"

Ya karkata dama, ya miƙe a kan feda, ya wuce abin da ba ya gani. Iska ta doke shi a ƙirji kamar an rufe masa ƙofa a fuska. Idanunsa suka kawo ruwa, cinyoyinsa suka kama wuta, gudun ya faɗi zuwa kilomita goma sha huɗu a awa. Ashe haka duniyar take. Ya zagi iska, ya zagi likita, ya zagi wanda ya ƙirƙiro ɗari biyar. Da ya saci kallon na'ura, lambar tana sauka: ɗari da sittin, ɗari da arba'in, ɗari da goma.

Sai ya ji ƙarar a bayansa. Tik-tik-tik-tik, ƙarar da tayar baya take yi idan mai keke ya daina taka feda ya bari ana jansa. Kusa take, tazarar tafin hannu. Kaska bai waiwaya ba. Da ya ga rami ya nuna wa na baya da yatsa.

Bai nufi gida ba, layin su Tirela ya shiga, don ya ajiye kaya inda ya ɗauko. A ƙofar gidan ya duba: ɗari huɗu da casa'in da tara da ɗigo uku. Kowane ɗan keke ya san abin da ake yi. Ya wuce zuwa ƙarshen layi, ya juyo, ya sake wucewa. Masu shaguna da ke janye kaya saboda hadari suka tsaya suna kallon dattijo yana kai da kawowa shi kaɗai, yana haki. A zagaye na biyu matar Tirela ta buɗe ƙaramar ƙofar get ta tsaya, mayafinta yana kaɗawa. 

A zagaye na uku, daidai gabanta, lambar nisa ta juya. Ɗari biyar.

Kaska ya ja birki, ya sa ƙafa a ƙasa, ya danna maɓalli. Tayoyinsa sun tsaya cak. Ƙarar ba ta tsaya ba. Ta fito daga bayansa, ta bi ta gefensa a hankali, tik, tik, tik, ta hau ɗan tudun simintin ƙofar. Matar ta matsa gefe, ta manne da ƙarfen get, ta tattare mayafinta don kada ya kama wani abu. Ta daɗe a haka tana riƙe da ƙofar. Sannan ta juyo ta kalle shi.

"Ya cika?"

"Ya cika, yaya. Sittin."

Ya kwance na'urar ya miƙa mata. A gurbin zuciya layuka biyu ne. Ta riƙe ta da hannu biyu.

"Shigo ka sha ruwa kafin ruwan sama ya sauko."

Kaska ya leƙa tsakar gidan ta saman kafaɗarta, ya ce a'a, ya gode, ana jiransa. Ya juya kekensa ya tura shi da hannu, a ƙasa, har gida.