Kunun Kanwa da Saiwar Ba'indiya

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa. Yau sai in yi ta neman carbina, jikoki suna min dariya, ashe yana wuyana. Amma jegon fari da na yi a Makka, da tsohuwar Ba'indiyar da Allah Ya jefo mana a cikinsa, wannan kam ko gigin tsufa ya kama ni ba zai fita raina ba.

Shekaru kaɗan ne bayan ƙasarmu ta sami 'yancin kai. Mu uku muka baro Kano ta ƙasa: ni da maigidana da Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Muka keta Sudan a motocin kaya, muka tsallaka teku, muka sauke farali. Da alhazai suka watse mu ba mu koma ba. Muka sami ɗakin kwano da katako a unguwar Mansur, cikin 'yan'uwanmu, ba mu da iƙama, wato takardar zama. Maigida yana dako a Jidda, sai ya yi makonni bai leƙo ba. Ni da Gwaggo muna wankau, da yamma mu soya ƙosai a bakin lungu. Mara takarda a lokacin ko sunan asibiti ba ya son ji. Ko da gaske ana kama mutane a can, ko zancen mata ne kawai, ban sani ba, amma tsoron ya ishe mu.

Gwaggo mace ce mai faɗa, ga taurin kai, ga son mutum har ya yi masa yawa. 'Ya ɗaya Allah Ya ba ta, kuma a jego ta rasu tun ina ƙarama. Abin da aka ce a garinmu shi ne sanyi ya shige ta. Gwaggo ta riƙe wannan a ranta, kullum tana cewa da damina aka yi haihuwar, itace ya jiƙe, ba a gasa yarinyar yadda ya kamata ba. Don haka tun cikina bai fito ba ta fara shiri. Duk alhajin da ya zo daga gida sai ta tambaye shi kanwa, har ta tara ƙulli guda na jar kanwa, ta ɓoye a ƙasan kwallarta kamar zinariya.

Na haihu a tsakiyar zafi, irin zafin Makka da kwanon ɗaki ke ƙara da rana. Namiji ne, lafiyayye. Washegari Gwaggo ta ɗora garwa a murhu. Wanda bai san wankan jego ba, ga yadda yake: a tafasa ruwa da ganye, a zaunar da maijego, a riƙa tsoma ganyen ana fyaɗa mata a jiki safe da yamma har ta yi arba'in. Bayan wanka a kwanta kusa da garwashi, sannan a sha kunun kanwa, kanwar ta ji har harshe ya yi santsi. Ruwa kuwa a Makka ba abin wasa ba ne, amma tsohuwar nan da kanta take zuwa famfon unguwa tana jidowa, ƙafarta tana ciwo. Hannayenta duk suka saɓule da ruwan zafi, ko a jikinta.

Ganye ne ya so ya ba ta wahala, don babu runhu a duwatsun Makka. Sai wata maƙwabciya ta kwatanta mata gidan wasu Indiyawa a bayan kasuwa. Ɗan gidan yana da shagon kayan ƙamshi da magani, uwarsa kuma tana duba mata a cikin gida. Gwaggo ta dawo da busasshen ganye a gefen mayafi, baki har kunne, wai ashe darbejiya ce. Abin da ya ɓata mata rai kawai, matar ta ce sunansa nim, kuma wai asalinsa daga ƙasarsu yake. Gwaggo ta ce ji ƙarya, itacen da ke ƙofar gidan mai unguwarmu.

Ban yi nisa da wankan ba ƙafafuna suka fara hawa. Gwaggo ta duba ta ce sanyi ne, ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa. Kumburin ya hau har cinya, fuskata ta cika, awarwaron hannuna ya nutse a nama. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora min turmi a ƙirji, sai dai in yi barci a jingine. Nono ya ja baya, yaron ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. Ni na san ina tafiya, wallahi na sani, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne wa zai shayar da yaron nan a ƙasar da ba mu da kowa. Amma yaya zan ce wa Gwaggo ta bari? Ita ma tana gani, tsoro ya kama ta, kuma tsoron ne yake sa ta ƙara abin da ta sani.

Yawan ganyen da Gwaggo take saye ne ya ba tsohuwar Ba'indiyar mamaki. Ta tambaye ta me ake yi da shi haka, Gwaggo ta ce mata maijego gare ta. Shi ke nan, wata safiya da hantsi sai ga sallama. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce siririya, da farin mayafi, tana tauna kanumfari, ta riƙo kwano da wani abin zaƙi na hulba da suke yi wa masu jego a ƙasarsu. Barka kawai ta zo yi. Daga baya muka riƙa kiranta Hala, yadda mutanen Makka ke kiran 'yar'uwar uwa.

Ta tarar da ni a zaune kan kujera 'yar tsuguno, tururi ya cika ɗaki, ina haki kamar wadda ta yi gudu. Ba ta ko ajiye kwanon da kyau ba ta durƙusa. Ta danna ƙaurina da yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba. Ta ce in fito da harshe. Ta riƙe wuyan hannuna da yatsu uku, ta rufe ido, ta daɗe. Sannan ta ɗauki ƙwaryar kunun da ke jirana, ta ɗanɗana, ta tofar. Da Larabcinta mai gargada ta ce daga yau ba wannan kunu, ba gishiri, ba tafasasshen ruwa.

Kai, zo ka ga Gwaggo. Ta miƙe da ganye a hannu, ta ce kaka da kakanni haka aka yi mana, baƙuwa ba za ta shigo ta kashe mata 'ya da sanyi ba. Rabin faɗan da Hausa take yi, rabi da Larabcin kasuwa, ni ce mai fassara tsakaninsu don na ɗan fi ta jin Larabci, ga numfashi yana gagarata.

Hala ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mahaifinta mai magani ne a ƙasarsu, a gabansa ta girma. Ta ce su ma suna ɗumama maijego, suna ba ta citta, suna tsare ta daga iska, ba su raina wannan ba. Amma wannan ba sanyi ba ne, ruwa ne ya taru a jiki, zuciya ta gaji da turawa, gishirin nan yana riƙe ruwan, zafin kuma yana ƙara wa zuciyar aiki. Sai ta shiga faɗin abin da zai biyo baya in ba a bari ba: kumburin zai kai ciki, mace ta kasa kwanciya sam, tari ya zo da kumfa, leɓe ya yi duhu.

Ina fassarawa na ga ganyen ya faɗi daga hannun Gwaggo. Ta ce, "Wa ya gaya mata?" Na ce babu wanda ya gaya mata komai. Ashe haka 'yarta ta yi, ɗaya bayan ɗaya, har kumfar. Gwaggo ta zauna a ƙasa, cikin ruwan da ya malala. Can ta ɗago ta dube ni ta ce, "Tambaye ta. Tawa ma kanwar na yi ta ba ta. Ni na kashe ta ke nan?"

Ban fassara ba. Amma Hala uwa ce, ba ta bukaci fassara ba. Ta matsa ta kama hannayen Gwaggo, waɗannan da ruwan zafi ya saɓule, ta juya su tana kallo. Ta ce, "Hajja, hannun da ya ƙone haka saboda 'ya ba a cewa ya yi kisa. Waccan kwananta ya ƙare. Wannan kuwa Allah Ya bar miki ita, tashi mu yi aiki." Wannan kam na fassara, kalma bayan kalma.

Abin da har yau nake jinjina wa tsohuwar nan shi ne ba ta ƙwace jegon daga hannun Gwaggo ba. Ta koma gida ta kawo magunguna, amma komai Gwaggo ta sa ta yi. Akwai wata saiwa da ta kira punarnaba, ta ce ma'anar sunan abin da ke sabunta jiki, ita ce mai fitar da ruwa. Gwaggo ta juya busasshen ganyen da ke jikin saiwar, ta ce yau ga ikon Allah, wannan ai ciyawar da ke yaɗo a bayan gidanmu ce, awaki ke ci. Akwai ɓawon wani itace, arjun, da ake dafawa da madara da ruwa saboda ƙarfin zuciya. Hulba kuma don nono, a jiƙa ta, a dafa, a sa ɗan zuma. Maimakon kunun kanwa, ruwan sha'ir da 'yar citta. Wankan ma ba ta hana ba, ta ce a ci gaba da darbejiyar, amma ruwan ya zama wanda gwiwar hannu za ta iya zama a ciki, kuma a fara shafa min man riɗi mai ɗumi. Ta kuma faɗa mana gaskiya ba ɓoyo: in numfashina bai sassauta ba kafin Juma'a, ganye ya gaza, ita da ɗanta za su kai ni asibiti, da takarda ko babu.

Saiwar nan ɗaci gare ta kamar me. Ina sha ina yamutsa fuska, Gwaggo tana tsaye a kaina da irin faɗan da take min a kan kunu. Ba a jima ba fitsari ya ɓalle, har na riƙa jin kunyar yawan fita. Kafin Juma'ar awarwarona ya fara motsi. Ranar da na iya kwanciya rigingine na yi barci har yaron ya tashe ni, na farka na ga rigata ta jiƙe da nono. Gwaggo ta ɗauko shi ta ɗora min, ta juya baya wai tana gyara murhu, alhali babu wuta a ciki.

Kullum Hala sai ta leƙo ta riƙe hannuna. Daga nan su zauna da Gwaggo a bakin ƙofa suna shan shayi, kowa tana yi wa 'yar'uwarta Larabcin da Balarabe ba zai gane ba. Gardamar darbejiya kuwa ba su taɓa gamawa ba har Allah Ya raba su.

Bayan na yi arba'in wata yarinya 'yar Sakkwato ta haihu a lungunmu, uwar mijinta ta aiko a sam mata kanwa, don kowa ya san Gwaggo na da ita. Gwaggo ta buɗe kwalla ta fito da ƙullin, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta kwance shi ta juye duka a bahon wankau, cikin kayan mutane. Ta yafa mayafi ta ce min, "Kula da yaron, zan je in ɗauko Hala mu duba yarinyar can."

Yaron nan yau shi ma da furfurarsa. Gwaggo da Hala kuwa suna kwance a ƙasar Makka, Allah Ya ji ƙansu. Abin da na koya shi ne mai sonka ma yana iya cutar da kai da iyakar abin da ya sani, kuma ba a raba shi da kuskurensa ta hanyar kunyata shi. Da Hala ta amsa wa Gwaggo tambayar nan da e, da ta warkar da ni ta kashe tsohuwar. Saiwa ce ta fitar da ruwan jikina, amma mu biyu matar nan ta yi wa magani ran nan.