Sabulu a Cikin Injin Labo

Labo mutumin wani ƙauye ne a bakin Gulbi, kusa da Gidan Rumji. Da damina manomi ne kamar kowa. Da rani yana lambun albasa, kuma shi ake kawo wa injin ban ruwa idan ya fara yoyo. A cikin injin akwai zobba biyu masu gogar juna, ɗaya na juyawa ɗaya na tsaye, su ke hana ruwa bin sandar ƙarfen da ke juyi ya fito. In fuskarsu ta yi kaushi, sai Labo ya shimfiɗa takardar guga mai laushi bisa gilashi, ya ɗiga mai, ya yi ta murzawa har ta yi sumul. Roƙonsa ɗaya ga mutane, kada a tada inji babu ruwa a cikinsa, don zoben ƙonewa yake.

Injin da yake ban ruwa da shi nasu ne su biyu da Tasi'u, abokin kaciyarsa. Karɓa-karɓa suke yi, ba a taɓa jin kansu ba.

Bara, ranar da Labo ya gama dashe, albasa na jiran ruwan farko, Tasi'u ya kawo injin a amalanke.

"Ga dokinka nan, tsoho."

"Wa kake ce ma tsoho? Lahiya yake dai?"

"Lau! Ni na wuce Gidan Sori, ana suna."

Labo ya cika shi da ruwa ya tada. Inji ya ɗan ja ruwa, sai kumfa ta fara fitowa ta gindin sanda, ruwa ya yanke. Da ya kwance, ya tarar zoben ya ƙone ya tsage, an cusa sabulu da zaren tsumma a wurin, an shafe tsaf da yatsa. Ba aikin gaggawa ba ne. Mutum ya zauna ya natsu ya yi shi, kuma wannan ne ya tsaya wa Labo a wuya.

Kwana guda ke nan da cin kasuwar Gidan Rumji, mai sayar da zobba ya koma Maraɗi. Da an faɗa masa, da ya saya kafin ya tuge iri. Dashe kuwa ba ya jiran wata kasuwa.

Shi da matarsa Habsatu suka koma jan guga. Suka ceci fangalin da ke bakin rijiya, sauran suka kwanta a rana.

Da Tasi'u ya dawo, ya zo ya tsuguna a bakin lambun, yana kallon ƙasa.

"Surukina na ara ma, ya tada shi a bushe. Kunyarka na ji, Labo. Na ɗauka sabulun zai kai ka kasuwa mai zuwa."

"Zobe ana sayen shi, Tasi'u. Bakinka fa, shi ma ƙonewa ya yi?"



Da kasuwa ta zagayo, Labo ya sayo sabon zobe ya sa, ya gwada injin har ya ga ba ɗigo, ya ɗora shi a amalanke ya kai ƙofar gidan Tasi'u ya ajiye. Bai sake karɓar sa ba. Bana lambunsa iya inda guga ke kaiwa ne. In sun haɗu a masallaci suna gaisawa, Labo ya tambayi iyali, ya ɗauki takalmansa.