Shekarar da Namadi Ya Saukar da Kulob Ɗinsa

Namadi mai gyaran rediyo ne a bakin tashar Bukkuyum, kuma shi ya kawo dokar hawa da sauka a gasar ƙwallon garuruwan Anka, Gummi da Bukkuyum. Kulob ɗin da dokar ta fara ci nasa ne. In aka taɓo maganar a majalisa, wasu su ce mutum ne mai gaskiya, wasu su ce taurin kai ne kawai. Duka ɓangarorin biyu ba su zauna da shi sosai ba.

Rumfarsa ta kwano ce, teburi ɗaya, benci ɗaya, da tulin rediyoyin da masu su suka manta da su. Yana saurayi gola ne, har ranar da gwiwarsa ta hagu ta goce a wani wasan sada zumunci, mai ɗori ya mayar da ita amma ba ta koma daidai ba. Daga nan ya tara samarin tasha, ya sa musu suna Taurarin Tasha, ya zama shi ne koci, shi ne mai wanke jesi, shi ne mai zuwa ba iyaye haƙuri in an karya ɗan wani.

A 1998 shi da wasu mutum bakwai suka zauna a wani aji a Gummi suka kafa gasa ta kulob takwas. Ana farawa bayan an gama girbi, a ƙare kafin ruwan farko, kuma ranar kasuwar garin da za a je ake buga wasa, don ranar ce ake samun mota. Takwas ɗin nan su ne kullum. Wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki kofi, wanda ya zo na ƙarshe ya sha tsiya na mako biyu, baɗi a sake haɗuwa.

Wanda ya fi kowa sabawa da zuwa na ƙarshe shi ne Haɗin Kai na Gummi, kulob ɗin malaman firamare da ma'aikatan ƙaramar hukuma, waɗanda 'yan kallo ke kira 'yan alli. Mai shi Malam Abdulwahabu ne, hedimasta, mutum mai fara'a da son a saurare shi. A 2000 aka yi zaɓen shugaban kwamitin gasa, shi da Namadi suka tsaya. Malam Abdulwahabu ya miƙe a gaban kowa ya ce shugabanci yana son wanda zai rubuta wa ciyaman wasiƙa da Turanci.

"Namadi gwanin sukurdireba ne," in ji shi, "mu bar mai abin da ya iya."

Aka yi dariya, har Namadi ya taya su. Ya faɗi zaɓen, aka ba shi riƙon dokoki da jadawalin wasanni don a wanke masa rai. Bai taɓa tayar da maganar ba bayan ranar. Wannan shirun nasa shi ya kamata a lura da shi, amma ba wanda ya lura.

A can bakin gulbi kuma akwai wani ƙauye, Tungar Maiturare, da samarinsa ke lallasa duk wanda ya yarda ya buga wasan sada zumunci da su. Sau uku suna neman shiga gasa, sau uku ana ce musu babu gurbi. Da su Namadi ya kafa hujja a taron 2002. Ya ce a haɗa kulob-kulob na ƙauyuka su zama rukuni na biyu, duk shekara na ɗayansu ya hau, na ƙarshen manya ya sauka, kamar yadda yake ji a rediyo ana yi a Ingila.

Malam Abdulwahabu ya gyara zaman hularsa. Ya san wa ake nufi.

"Ba ko'ina aka yin haka ba," ya ce. "A Ostiraliya suna da tasu ƙwallo, mai siffar ƙwai, ana buga ta da ƙafa ana kama ta da hannu. Na gani a talabijin a Sakkwato. Manyan kulob ɗinsu ba mai sauka. Wanda ma yaz zo na ƙarshe, shi aka fara ba damar zaɓen sababbin 'yan wasa, don ya miƙe. Suna tsoron in kulob ya sauka, masu kallo su watse, ya mutu."

"Ƙwallon da mutum ka rungumewa ya ruga da ita kamar ya saci kaza?" in ji Namadi. "Malam, in ita kuka so, ku tahi can. Ƙila ku samu na bakwai."

Wannan karon dariyar tasa ce. Aka ƙada ƙuri'a, biyar suka bi shi, uku suka ƙi. Kafin a tashi ya ƙara doka ta biyu: kowane kulob zai yi rajistar mutum goma sha takwas tun farkon kaka, kowa da kati mai hoto da hatimi, ba ƙari ba canji har a gama. Ya ce don tsari ne. Abin da bai faɗa ba shi ne ya san Malam Abdulwahabu na da tsofaffin ɗalibai a Sakkwato da Gusau da zai iya kirawo in wuta ta yi wuta.

Da ya koma gida yana ba matarsa Turai labari, tana tankaɗen gari ba ta ɗago ba.

"Baban Surayya, 'yan Tunga kaka tausayi, ko hedimasta kaka farauta?"

"Ke mi kika sani ga ƙwallo?"

"Ban san ƙwallo ba. Kai na sani."

Ya yi rajistar Taurari da mafi kyawun samarin da yake da su, mutum goma sha bakwai, ya cike na sha takwas da sunansa don nishaɗi. Wasanni huɗu na farko suka ci uku. Haɗin Kai kuwa ko ƙwallo ɗaya ba su jefa a raga ba. Namadi ya riƙa kafa teburin maki a jikin rumfarsa da ƙusa, inda duk mai shiga mota zai gani.

Sai hatsi ya gama shiga rumbu.

Kowa a ƙasar nan ya san abin da ke biyo bayan haka. Samarin da noma ne sana'arsu ba su zama gida da rani. Su ɗaure 'yan kayansu su tafi cin rani, wani Legas, wani Ibadan, wani Fatakwal, masu ga-ruwa, masu dako, masu gadi, sai hadarin farko ya taso su dawo. Namadi da kansa ya yi wannan tafiya sau shida yana saurayi. Duk shekara Taurari na rasa rabinsu a watan Janairu, shi kuma ya leƙa tasha ya ɗebo 'yan kamasho da 'yan kabu-kabu ya sa musu jesi. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aron 'yan wasa ba, don yaran unguwarsu ne, ya san iyayensu. Aro a wurinsa shi ne abin da Malam Abdulwahabu zai yi.

Ridwan, kyaftin ɗin Taurari, shi ya zo sallama da hantsi, da jakarsa a kafaɗa.

"Baba Namadi, mu za mu wuce. Motar Legas na lodi."

"Ku nawa?"

"Yau mu shida. Su huɗu sai wani mako."

Namadi ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ridwan, ku bari a gama zagayen farko mana."

"Baba, Inna ta riga ta yi man addu'a. In na zauna mi zan ce mata, teburin maki na tsaya gadi?" Ya yi dariya. "Ka ɗebo 'yan tasha kamar kullum."

Sai da motar ta tashi Namadi ya jawo akwatin katuna ya ƙirga waɗanda za su rage. Takwas, har da nasa.

Sauran kulob-kulob ma sun rasa mutane, amma na Gummi da Anka sun fi yawan 'yan tireda da teloli da ba su motsawa. Haɗin Kai kuwa ko mutum ɗaya bai tafi ba, malami ba ya barin aji ya tafi cin rani. Kuma tsoron sauka ya yi musu abin da shekara huɗu na tsiya bai yi ba. Malam Abdulwahabu ya sa su gudu kullum bayan la'asar, masu tumbi suka fara ganin ƙafafunsu. Suka yi canjaras biyu, suka ci wasa, suka sake ci.

Taurari suna fita da mutum takwas, Namadi a raga yana da shekara arba'in da ɗaya, gwiwa ɗaure da tsumma. Ana zura musu huɗu, biyar. 'Yan kallo na kiransa da Baba a-yi-haƙuri. Ya daina kafa teburin maki a jikin rumfa.

Wasan ƙarshe, kamar yadda shi da kansa ya tsara jadawalin tun farko, Taurari ne da Haɗin Kai a Bukkuyum. Ya tsara shi haka ne don ya ga fuskar hedimasta ranar da zai sauka. Yanzu Taurari ne a ƙasa, kuma sai sun ci za su tsira.

Ana gobe wasan, Abdussalam, mataimakinsa a kulob, ya same shi a rumfa ya zauna kusa da shi.

"Katunan hannunka suke. Hatimin hannunka yake. Na kawo hotunan yara huɗu na tasha. A ɓamɓare na su Ridwan a liƙa waɗanga, wa zai sani?"

Namadi ya karɓi hotunan ya jera su a tebur. Ya daɗe yana kallonsu. Masu cewa mutum ne mai gaskiya a nan suke kafa hujja, don ya tattara su ya mayar wa Abdussalam. Amma Abdussalam ya ce abin da ya ji daga bakinsa ba maganar halal da haram ba ce.

"Hedimasta ya san fuskar Ridwan," in ji Namadi. "Sau biyu yana jefa musu ƙwallo bara."

Aka buga wasan. Taurari suka riƙe har hutun rabin lokaci, Namadi ya ture bugun fenariti ɗaya da har yau ake maganarsa. Bayan an dawo gwiwar ta ƙi, wani malamin lissafi ya jefa masa biyu.

Mako guda bayan haka kwamiti ya zauna a Anka don tabbatar da sakamako. Tungar Maiturare ta zo na ɗaya a rukuni na biyu ba tare da an ci ta ko sau ɗaya ba, don samarinta na da fadama, albasa da tumatir sun riƙe su gida duk rani. Ba wanda ya yi musun hawansu. Maganar sauka ce ta sa kowa kallon ƙasa.

Malam Abdulwahabu ya yi gyaran murya.

"Jama'a, Namadi na cikin waɗanda sunka kafa gasar ga. Ba kashi anka ba shi ba, cin rani yac cinye shi. Ina ba da shawara a mai da gasa ta kulob tara. Tunga ta hau, Taurari su zauna. Ni zan fara ɗaga hannu."

Ya ɗaga. Wasu shida suka bi shi. Ko da zuciya ɗaya ya faɗa, ko kuwa ya ga babu abin da zai fi daɗi irin ya riƙa tuna wa Namadi duk shekara wa ya tsamo shi, wannan sai shi. Yana murmushi dai lokacin da yake faɗa, kuma Namadi ya ga murmushin.

"Doka ta ce na ƙarshe ya sauka," ya ce.

"Mu munka yi dokar, mu ka gyara ta."

"Ni ar riƙe da ita. Taurari sun sauka." Ya jawo takardar ya sa hannu ya buga hatimi.

Da ruwan farko 'yan cin rani suka dawo suka tarar kulob ɗinsu na rukunin ƙauyuka. Ridwan bai zo rumfa ba sai bayan kwana goma, kuma da ya zo katinsa ya nema, ya koma wani kulob na Bukkuyum. Biyar suka bi shi. Waɗanda suka rage suka riƙa hawa bayan a-kori-kura zuwa Nasarawa Burkullu da ƙauyukan da ke bayanta, suna wasa a gonakin da aka cire kara, kututturan dawa na yanke musu ƙafa. Mutanen tasha da ke cika fili in Gummi ta zo ba su ga dalilin barin lodi don kallon wata tunga ba. Kaka biyu Taurari suka yi a ƙasa. A ta uku mutum biyar suka zo rajista, Namadi ya ninke jesunan ya ba Turai ta sa a adaka.

Dokar kuwa ta zauna. Tungar Maiturare ta ɗauki kofi a shekararta ta biyu, ƙauyuka suka fara share fili suna kafa raga ta gaske. Kulob uku suka sauka bayan Taurari, ɗaya ya dawo, biyu suka watse. Haɗin Kai bai taɓa sauka ba.

A 2008 Ridwan, wanda ya bar ƙwallo ya zama direban bas, ya tsaya a rumfar yana jiran motarsa ta cika. Suka gaisa, suka taɓa maganar hanya da ta damina. Sai ya zauna a bencin.

"Baba, shekara biyar ina son in tambaye ka. Sun ce ka zauna, kac ce a'a. Kulob ɗin ba naka ba ne kai ɗaya. Mu ma muna da haƙƙi ciki."

"Kuna da shi."

"To don mi?"

Namadi ya ci gaba da kwance bayan wata rediyo, ya jera ƙusoshin a murfin gwangwani ɗaya bayan ɗaya.

"Da wani na Anka yaf fara ɗaga hannu," ya ce, "da na karɓa."

Ɗan kamasho ya leƙo ya ce saura mutum ɗaya. Ridwan ya miƙe, ya ce a gaida Inna Turai, ya tafi wurin motarsa.